Tashin Almasihu daga matattu: ina tarihi ya kai mu, ina kuma ya tsaya?

Shekara da shekaru, Litinin ɗin da ke bin Lahadin Pak ranar hutu ce a Nijar. Ƙasar da ƙidayar 2012 ta nuna fiye da kashi 99 cikin 100 na mutanenta Musulmi ne takan rufe ma'aikatunta saboda wani al'amari da Kiristoci suka ce ya auku a Urushalima kusan shekara 2000 da suka wuce: an gicciye Yesu Almasihu ranar Juma'a, an binne shi, ya tashi da rai ranar Lahadi. A wannan makon ne gardamar takan farfaɗo a duk fadar samarin da ka zauna a Yamai, daga Bukoki har Talaje, kuma yanzu wayar salula ce ke hura wutar. Wannan ya turo guntun bidiyon mai wa'azin da ke cewa masana tarihi sun gama tabbatar da tashin, wancan ya mayar masa da na wani da ke cewa Bulus, ɗaya daga cikin masu wa'azin Kirista na farko, shi ya ƙaga labarin bayan kowa ya mutu. Dukansu biyu sun wuce gona da iri.

Ni Kirista ne, daga cikin ƴan tsirarun Hausawan jihar Tawa da bishara ta iske iyayensu ta wajen Galmi. Na gaskata da tashin nan, a kansa na jingina rayuwata. Saboda haka ne ma ba na son a kare shi da hujjar da ba ta da ƙafa. Tarihi yana da abin cewa a nan, abin cewa mai nauyi, amma yana da iyaka, kuma ya kamata mu da ƴan'uwanmu Musulmi mu san inda iyakar take.

A fara da mutuwar, don in babu mutuwa zancen tashi bai taso ba. A nan masanan tarihi na jami'o'i, Kiristansu da Bayahudensu da wanda ba ruwansa da addini, kusan bakinsu ɗaya: an kashe Yesu a kan gicciye a shekara ta 30 ko ta 33, zamanin da Buntus Bilatus yake mulkin Yahudiya, mulkin da ya yi daga 26 zuwa 36. Bilatus ba sunan tatsuniya ba ne, a 1961 an tono dutse a Kaisariya ɗauke da sunansa da muƙaminsa. Tasitus, marubucin tarihin Rum wanda ya tsani Kiristoci ƙwarai, ya rubuta wajen shekara ta 116 cewa mutanen da sarki Nero ya ɗora wa laifin gobarar Rum ta 64 sun samo sunansu daga Kiristi, wanda Bilatus ya hukunta zamanin Tibariyas. Yusifus, Bayahude marubucin tarihi, ya ambace shi a littafinsa na wajen 93. Gaskiya ne wasu masu kwafe littafi Kiristoci sun sa hannu a sakin layin Yusifus, sun ƙara masa kalmomin da Bayahuden da bai bi Yesu ba ba zai furta ba. Amma mafi yawan masana suna ganin akwai asali a ƙarƙashin ƙarin, kuma akwai wata riwayar sakin layin cikin Larabci, ta hannun Agabiyus na Manbij a ƙarni na 10, wadda ba ta ce ya tashi ba, cewa ta yi almajiransa sun ba da labarin ya bayyana gare su bayan kwana uku.

Akwai kuma dalilin da ya fi takardun nan ƙarfi. Gicciye hukuncin bayi ne da ƴan tawaye, ana yi wa mutum tsirara a bakin hanya don a wulaƙanta shi. Attaura kuma, a Maimaitawar Shari'a sura 21, ta ce wanda aka rataye a itace la'ananne ne. Mai neman jama'a su bi shugabansa ba zai ƙaga masa irin wannan ƙarshe ba. Bulus da kansa ya yarda cewa zancen Almasihu gicciyayye abin tuntuɓe ne ga Yahudawa, wauta ce ga sauran al'ummai.

To, a nan ne hanyarmu da ta maƙwabtanmu ta rabu, tun kafin a kai bakin kabari. Suratun Nisa'i, aya ta 157, ta ce ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba, an dai kamanta musu, aya ta gaba kuma ta ce Allah ya ɗauke shi zuwa gare shi. Abin da ban cika jin ana lura da shi ba a gardamar fada shi ne, ayar ba ta musa cewa mutanen da ke wurin sun ga abin da suka ɗauka gicciyewar Isa ce ba. Masanin tarihi kuwa abin da mutane suka gani suka faɗa shi kaɗai yake iya bibiya. Idan Allah ya sa kamannin wani a kan wani, babu dutse ko takardar da za ta nuna haka, kuma babu wadda za ta kore shi. Musulmi ya karɓi wannan ne daga wahayi, kuma daidai ne ya faɗi haka kai tsaye. Manyan malaman tafsiri sun san nauyin maganar. Ɗabari ya kawo riwayoyi mabambanta a kan wanda aka sa wa kamannin, Fakhruddin Razi kuma ya jera matsalolin da zancen yake tayarwa kafin ya ba da amsoshinsa, daga ciki har da cewa in ido zai iya ruɗuwa haka, me zai hana a yi shakkar duk wani labarin da jama'a masu yawa suka ruwaito.

Abin da ba na yarda da shi ba shi ne a yi ƙoƙarin tallafa wa ayar da kayan tarihi marasa ƙwari. Ana yawan kawo Linjilar Barnaba. Tsofaffin kwafenta biyu ne, ɗaya da Italiyanci ɗaya da Sifaniyanci, kuma na Italiyancin bai wuce ƙarshen ƙarni na 16 ba. Marubucinta ya sa Yesu ya shiga jirgin ruwa zuwa Nazarat, garin da ke kan tudu nesa da teku, ya kuma sa shi yana cewa shi ba Almasihu ba ne, alhali Alƙur'ani da kansa Almasihu yake kiransa. Tsohon ra'ayin musanya na gaske shi ne na Basilidis na Iskandariya a ƙarni na 2, wanda wani malamin Kirista na wancan ƙarni, Ireniyus, ya ce yana koyar da cewa Saminu Bakurane aka gicciye a madadin Yesu. Wannan ya girmi Musulunci nesa ba kusa ba, amma ya zo kimanin shekara 100 bayan al'amarin, kuma tushensa aƙida ce da ke ganin Almasihu ba shi da jikin mutum na haƙiƙa, abin da Musulmi ma ba zai karɓa ba.

Sai kuma zancen suma, wanda bidiyoyin Ahmed Deedat suka yaɗa a wurinmu: an ɗora shi a gicciye amma bai mutu ba, ya farfaɗo cikin sanyin kabari. Wannan ya fi kusa da koyarwar Ahmadiyya fiye da ta jumhurin malaman Sunna, waɗanda ke cewa ba a ma ɗora shi ba. Yusifus ya ba da labarin wasu sanannunsa uku da ya tarar a gicciye, ya roƙi Titus, kwamandan sojan Rum, aka sauke su da rai, aka yi musu magani iya ƙoƙari, duk da haka biyu suka mutu. Wato ana iya rayuwa, amma da ƙyar, ko da umarnin babban kwamanda da kulawar likita. Tun a ƙarni na 19 David Strauss, wanda shi kansa bai gaskata da tashin ba, ya yi tambayar da ta kashe wannan ra'ayi a jami'o'i: mutumin da ya rarrafo daga kabari jina-jina, yana neman mai ɗaure masa rauni, ta yaya zai sa almajiransa su ɗauke shi wanda ya ci nasara a kan mutuwa?

Yanzu ga hujjar da ta fi kowace nauyi, kuma ba a cikin Linjilolin nan huɗu take ba. Tana cikin wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura 15, wasiƙar da ya rubuta tsakanin 53 da 55, kuma babu wani masani na kirki da ke shakkar tasa ce. Yana tuna musu abin da ya koya musu tun zuwansa na farko, yana cewa ya miƙa musu abin da shi ma ya karɓa: Almasihu ya mutu domin zunubanmu bisa ga Nassi, an binne shi, an tashe shi a rana ta uku bisa ga Nassi, ya bayyana ga Kefas, wato Bitrus, sa'an nan ga almajiransa sha biyun. Ya ci gaba da lissafi: ƴan'uwa fiye da 500 a lokaci guda, waɗanda yawancinsu suna raye har lokacin rubutun, sai Yakubu, sai dukan manzanni, daga ƙarshe shi kansa.

Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi zai gane abin da Bulus yake yi. Isnadi yake kawowa: na karɓa, na miƙa. Jimlolin gajeru ne, jere suke kamar abin hadda, kuma akwai kalmomi a ciki da Bulus ba ya amfani da su a sauran wasiƙunsa, shi ya sa masana suka yarda ba shi ya tsara su ba. Ana kuma iya ƙirga shekarun. Wani rubutu da aka samu a dutse a Delfi ta ƙasar Girka ya nuna Galiyo ya yi mulkin Akaya a 51 zuwa 52, littafin Ayyukan Manzanni kuma ya ce an gurfanar da Bulus gabansa a Korinti. Ke nan wajen shekara ta 50 ko 51 ya riga ya koya wa Korintiyawa wannan haddar. A wasiƙarsa ga Galatiyawa ya ce shekara uku bayan tubansa ya hau Urushalima, ya sauka wurin Kefas kwana 15, ya kuma ga Yakubu ɗan'uwan Ubangiji. Tubansa bai wuce ƴan shekaru kaɗan bayan gicciyewar ba. Mutane biyun da ya ambata da suna a jerin shaidu, su ne biyun da ya ce ya gana da su ido da ido. Gerd Lüdemann, Bajamushe masanin Sabon Alkawari wanda ya fito fili ya ce bai yarda Yesu ya tashi ba, ya sa asalin wannan haddar cikin shekara biyu ko uku na farko bayan gicciyewa.

Don mu ji tazarar a jikinmu: daga gicciye zuwa wasiƙar Korintiyawa kusan daidai yake da tsakaninmu da kisan Ibrahim Bare Mainasara a filin jirgin Yamai a 1999, daga gicciye zuwa Linjilar Markus kuma kamar tsakaninmu da rasuwar Seyni Kunce a 1987. Shaidun gani da ido suna nan da ransu, babu mai iya ƙago babban al'amari ya ce ya faru a gabansu. Amma mun kuma san yadda irin waɗannan shekaru suke isa a ƙara wa labari gishiri.

Wannan shi ya rushe zancen cewa Bulus ne ya ƙaga tashin. Kafin ya tuba yana tsananta wa ikilisiya, wato akwai masu wannan da'awa tun kafin shi. Bayan ya tuba kuma bai ɓoye saɓaninsa da manyan Urushalima ba, har ya rubuta yadda ya tsaya wa Bitrus fuska da fuska a Antakiya kan cin abinci tare da waɗanda ba Yahudawa ba. Sun yi gardama kan kaciya, sun yi kan abinci. Kan tashin kuwa cewa ya yi, ko ni ko su, haka muke wa'azi. Da ƙarya yake yi musu, akwai masu bin Kefas a cikin Korinti ɗin kanta da za su tona shi.

Sai dai isnadin yana da gurabun da dole a faɗa. Bulus bai ce a ziyarar kwana 15 ɗin ya karɓi haddar ba, masana ne suka haɗa biyu da biyu. Mutum 500 ɗin ba a ambaci sunan ko ɗaya ba, Linjiloli ma ba su ba da labarinsu ba. Bai ambaci mata ba, bai kuma ce kome kai tsaye kan kabarin da aka tarar babu kowa ba. Sannan ya jera nasa ganin tare da na sauran da kalma iri ɗaya, alhali yadda Ayyukan Manzanni ya kwatanta nasa, haske ne daga sama da murya a hanyar Dimashƙu. Mai shakka yana da damar tambaya ko na sauran ma irin wannan ne. Kuma cikin duka jerin, Bulus kaɗai ne muke da rubutun hannunsa ba tare da jayayya ba yana cewa ni na gani.

Zancen kabari daga Linjiloli yake fitowa, waɗanda yawancin masana ke sa rubutunsu tsakanin 70 da 100. A nan ƴan'uwana Kiristoci sukan ji nauyin faɗin abin da ke rubuce a gabansu. Markus ya ce saurayi ɗaya matan suka gani a kabarin, Matiyu ya ce mala'ika ɗaya, Luka ya ce mutum biyu, Yahaya ya ce mala'iku biyu. Matiyu ya kai almajiran Galili don su gan shi, Luka ya tsare su a Urushalima da kewayenta. Masu gadin kabari Matiyu kaɗai ya san da su. Linjilar Markus kuma, a manyan kwafe biyu mafi tsufa na ƙarni na 4, wato na Sina'i da na Batikan, ta ƙare ne a aya ta 8 ta sura 16, inda matan suka gudu cikin tsoro. Ayoyi 12 na ƙarshe daga baya aka ƙara su, kuma fassarori da yawa na zamani suna faɗin haka a ƙasan shafi. Wannan ba asiri ba ne da wani ya bankaɗo, malaman Kirista ne suka gano shi suka buga.

Duk da wannan saɓani, huɗun sun haɗu a kan ƙashin bayan labarin: Yusufu na Arimatiya ya binne shi, mata ne suka fara zuwa da sassafe ranar farko ta mako, Maryamu Magadaliya tana cikinsu, gawar kuma ba ta nan. Wasu masana, John Dominic Crossan, daga baya kuma Bart Ehrman, sun ce da wuya a ce an binne shi, don al'adar Rumawa ita ce su bar gawa a gicciye tsuntsaye su ci. Haka al'adar take a wurare da yawa. Amma Yusifus ya rubuta cewa Yahudawa sukan sauke ko waɗanda aka gicciye su binne su kafin faɗuwar rana, kuma a 1968 an tono akwatin ƙasusuwan wani mutum mai suna Yehohanan a arewacin Urushalima, ƙusa tana nan cake a ƙashin diddigensa. An gicciye shi, an kuma binne shi a kabarin dangi. Yusufu na Arimatiya kuwa ɗan majalisar da ta yanke wa Yesu hukunci ne, ba irin mutumin da Kiristocin farko za su so su ƙaga su yaba ba.

Matan su ne suka fi tsaya mini a rai. A wannan al'umma shaidar mace ba ta da nauyi, Yusifus ya rubuta ƙarara cewa kada a karɓe ta. Wajen shekara ta 175 wani arne mai ilimi, Kelsus, ya yi wa Kiristoci ba'a da wannan, yana cewa mace mai taɓin hankali ce ta fara ganin abin. Mai ƙirƙirar labari don ya rinjayi mutane da Bitrus zai fara. Masu shakka suna amsawa cewa mazan sun riga sun gudu, kuma shafa wa gawa mai aikin mata ne, don haka labarin dole ya bi ta kansu. Amsar tana da ma'ana, amma ba ta gamsar da ni ba, don wanda ya iya ƙaga kabari ba zai kasa dawo da namiji ɗaya ya tsaya a bakinsa ba. Matiyu kuma ya ce har zamaninsa ana yaɗa cewa almajiran ne suka sace gawar, zargin da ke nuna abokan hamayya ba su musa rashin gawar ba, ko da yake ta bakin Kirista kaɗai muka ji zargin. A ganina kabarin ya fi kusa da zama gaskiya, amma hujjarsa ba ta kai ta bayyanuwar ƙarfi ba, kuma kabari babu gawa shi kaɗai ba ya nuna kome sai cewa gawa ba ta nan. Maryamu Magadaliya ma abin da ta fara zato shi ne an ɗauke shi.

Akwai kayan da nake roƙon masu wa'azinmu su ajiye. Likkafanin Turin, wanda ake cewa a cikinsa aka naɗe gawar Yesu, ake kuma yawo da hotonsa a WhatsApp, an gwada shi a ɗakunan bincike uku a 1988, sakamakon ya nuna tsakanin 1260 da 1390. Majami'ar Kabari Mai Tsarki a Urushalima tsohuwa ce ƙwarai, binciken da aka yi lokacin gyaranta a 2016 ya nuna turmin ginin da ke kan dutsen na ƙarni na 4 ne, amma wannan yana tabbatar da inda mutanen zamanin sarkin Rum Kustantin suka ɗauka kabarin yake ne kawai. Haka ma cewa dukan manzannin an kashe su saboda sun ƙi janye shaidarsu. Waɗanda muke da tsohuwar shaida a kansu kaɗan ne: Yakubu ɗan Zabadi wanda Hirudus Agaribas ya kashe da takobi, Yakubu ɗan'uwan Yesu, sai Bitrus da Bulus waɗanda wasiƙar Kilemas ta wajen 96 ta yi nuni da ƙarshensu. Labaran sauran sun zo ne daga baya sosai. Waɗannan kaɗan ɗin ma sun isa su nuna abu ɗaya, cewa mutanen nan ba yaudara suke yi ba. Shi ya sa ra'ayin Bajamushe Reimarus na ƙarni na 18, cewa almajiran sun sace gawa don su riƙe matsayinsu, kusan babu mai riƙe da shi yau. Mutum yakan mutu a kan kuskuren da ya ɗauka gaskiya ne, amma da wuya ya mutu a kan ƙaryar da shi ya ƙulla.

Bayanin da ya rage wa mai shakka, kuma wanda ya cancanci a saurare shi da kyau, shi ne na wahayin ido, wato mutum ya ga abin da ba ya nan. Wani likita a ƙasar Wales, Dewi Rees, ya buga bincike a 1971 kan mata da maza 293 da abokan aurensu suka rasu, ya tarar kusan rabinsu sun ji kasancewar mamacin, wasu sun gan shi, wasu sun ji muryarsa. Mu ma nan ba baƙon abu ba ne ka ji tsohuwa ta ce marigayi ya zo mata. Lüdemann ya ce Bitrus, wanda baƙin ciki da nadamar musun ubangidansa suka danne, shi ya fara gani, abin ya bazu ga sauran. Taron jama'a ma sukan ce sun ga abu tare, kamar dubban da suka ce sun ga Maryamu a kan wata majami'a a Zaitun ta Alƙahira daga 1968, Kirista da Musulmi. Tarihi kuma ya san ƙungiyoyin da, maimakon su watse in abin da suke jira ya rushe, sai su sake fassara shi: Shabbatai Sebi, wanda Yahudawa da yawa suka ɗauka Almasihu ne, ya musulunta a 1666, duk da haka wasu mabiyansa suka ce wannan ma cikin shirin yake.

Inda wannan bayani yake yi mini gajarta shi ne a kan abin da almajiran suka zaɓi su faɗa. Wadda ta ga mijinta marigayi ba ta cewa ya tashi, ganin ma shi ke ƙara tabbatar mata ya mutu. Yahudawan wancan zamani suna da hanyoyin faɗin irin wannan: fatalwarsa ce, mala'ikansa ne, ko Allah ya ɗauke shi sama kamar Iliya. A cikin ɗariƙun Yahudawa, tashin matattu a wurin Farisiyawa abu ne na ranar ƙarshe, na kowa da kowa a lokaci guda, Sadukiyawa kuma ba su yarda da shi ba sam. N. T. Wright, masanin Sabon Alkawari, ya gina babban littafinsa na 2003 a kan wannan tambaya, ya kuma nuna cewa Rumawa sun kashe wasu jagororin da jama'a suka sa wa rai, irin su Tudas wajen shekara ta 45 da Saminu bar Giyora bayan faɗuwar Urushalima a 70, kuma babu wanda mabiyansa suka ce ya tashi. Ko dai su watse, ko su nemi wani. Hujjar ba ta rufe ƙofa gaba ɗaya ba, tunda Markus ya ce Hirudus mai mulkin Galili, da ya ji labarin Yesu, ya yi zaton Yahaya Mai Baftisma ne aka tasa, wato tunanin tashin mutum ɗaya ba abin da ba ya zuwa a zuciya ba ne. Amma zaton sarki mai firgita daban, jama'ar da ta mai da ranar ibadarta Lahadi ta kuma tsaya a kan maganar har mutuwa daban. Ruwa ba ya tsami banza.

E. P. Sanders, masanin Sabon Alkawari wanda ba mai kare aƙida ba ne, ya ce a ganinsa tabbas ne almajiran da Bulus sun ga wani abu da suka kira tashi, amma abin da ya haddasa ganin, wannan bai sani ba. Nan ne mafi yawan masana suke tsayawa, kuma dalilin tsayawar yana cikin aikin nasu. Masanin tarihi yana auna abin da ya fi yiwuwa bisa yadda duniya ta saba tafiya, mu'ujiza kuwa ita ce abin da ya saɓa wa sabon. Tun 1748 masanin falsafa David Hume ya ce kullum kuskuren shaidu ya fi mu'ujiza saurin yiwuwa. Wanda ya shiga bincike da wannan ƙa'ida ya riga ya san inda zai fita. Mu da Musulmi kuwa ba mu tare da Hume. Dukanmu mun yarda budurwa ta haifi Isa, Suratu Ali Imrana kuma ta ce yana rayar da matattu da izinin Allah. Ba mu saɓa kan ko Allah zai iya ba, mun saɓa ne kan wane labari za a karɓa. Musulmi yana riƙe da wahayin da ya sauka bayan shekara kusan 600, kuma ga wanda ya gaskata daga Allah yake, tazarar shekaru ba ta rage masa kome. Kirista yana riƙe da shaidar mutanen ƙarnin farko, wadda masanin tarihi zai iya bin sawunta har zuwa ƴan shekaru kaɗan daga gicciyen, sannan shi ma ya ƙarasa sauran da bangaskiya. Har ma an sami Bayahude malami, Pinchas Lapide, da ya karɓi tashin a matsayin abin da ya faru, bai kuma yarda Yesu ne Almasihun Isra'ila ba.

Ni kaina, a cikin duk jerin shaidun, Yakubu ne ya fi riƙe ni. Bayanin baƙin ciki yana iya ɗaukar Bitrus da Maryamu, waɗanda suka ƙaunaci Yesu suka bi shi. Yakubu kuwa ɗan gida ne, kuma Linjiloli ba su rufa wa gidan asiri ba: Markus ya ce danginsa sun fito su kama shi suna cewa hankalinsa ya gushe, Yahaya ya ce ƴan'uwansa ba su gaskata da shi ba. Duk wanda ya tashi a gida mai yawa ya san ɗan'uwa shi ne na ƙarshe da zai yarda kai wani ne. Bayan ƴan shekaru sai ga Yakubun nan yana jagorantar ikilisiyar Urushalima, a garin da aka kashe ɗan'uwansa, Bulus kuma, wanda ya san shi ido da ido, yana cewa Yesu ya bayyana gare shi. Bayan gicciyewar, mabiyan suna iya ɗora begensu a kan wani daga cikin dangin jagoran, ga Yakubu kuma a tsakiyarsu ana girmama shi, amma babu wanda ya taɓa kiransa Almasihu, shi ma bai nema ba. Ya zauna a Urushalima kusan shekara 30 yana shaidar ɗan'uwansa. Labarin mutuwarsa ba daga Kirista muka fara jin sa ba, Yusifus ne ya rubuta cewa a shekara ta 62 babban firist Hananu ya yi amfani da tazarar da ke tsakanin mutuwar wani gwamnan Rum da isowar sabo, ya tara majalisa, ya sa aka jefe Yakubu, ɗan'uwan Yesu da ake kira Almasihu, tare da wasu. Mutanen birnin masu tsayawa kan Shari'a suka fusata suka kai ƙara, aka tuɓe Hananu bayan wata uku kacal a kan muƙamin.